Damin da Ban Karɓa Ba

Shekara goma na yi ina kwana a Nijar ina wuni a Najeriya. Ni magini ne, ƙauyenmu kuma yana kudu da Gazawa, inda in ka hau babur bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi ka tsallaka ka shiga ƙasar Katsina. A can aikin yake. A nan gida mutum yakan ɗaga bangon laka ya yi shekara ashirin bai sake neman magini ba. A can kuwa akwai wani Alhaji da ba ya gama gini sai ya fara wani, yau shaguna, gobe gidan haya. Shi na yi wa aiki duk tsawon shekarun nan. A cikinsu ne kuma na yi wasa da gonar babana, wadda ita kaɗai ya bar mini, kuma har yau in na tuna sai in ji abinci ya fita raina.

Da farko da rani kawai nake zuwa. In an gama girbi an zuba hatsi a rumbu, magidanta da samari sai su watse neman abin cefane, wasu Maraɗi, wasu Kano, wasu har bakin teku, a yi wata biyar ba a gan su ba. Ni na ɗauka na fi su wayo. Na sayi babur na ce ba zan yi irin cin raninsu ba, kullum a ɗakina zan kwana, in ga tsohuwata, in ga matata da yarana. Abokaina suna tafiya tasha da buhu a ka ina yi musu tsiya. Su da suka yi nisa, da hadari ya fara haɗowa suke dawowa su zauna daram har kaka. Ni da nake kwana gida kullum, ni ne gari ya manta da fuskata.

Hanyar ba kwalta ba ce. Rairayi ne tsakanin gonaki, tayar baya tana lilo, kana saukar da ƙafa kana tokarewa, da damina kuma taɓo ne da kududdufai. A tsakani akwai masu igiya. Duk inda aka samu inuwa da benci sai ka tarar an ja igiya a hanya, mutum ya taso yana miƙa ya tambaye ka ina za ka, alhali jiya ma shi ya tambaye ka, shekaranjiya ma shi. Na iya gaisuwa iri-iri a hanyar nan, na iya dariyar da ba ta kai ciki ba. Akwai wata kuka a bakin iyaka, da ka wuce ta wayarka ta daina jin gida. Daga nan har magariba, ko gobara aka yi a gidanka, sai dai wani ya hau babur ya biyo ka.

A wurin aiki sunana ɗan Nijar. In na ce ni maso ne, leburori su fashe da dariya su ce birkila ake cewa. In na ce yarana sun tafi lakol, wato makaranta, a wuni ana kwaikwayona. In kuma na dawo gida bakina ya suɓuce na ce mashin a maimakon moto, sai majalisa ta ɗauka: "To, ɗan Najeriya ya iso, a matsa mishi." Kakanmu kuwa daga can ya taso, daga wani ƙauye da nake wucewa ta gefensa safe da yamma, ya zo nan ya sari daji ya yi gona. Ban taɓa gaya wa mutanen can haka ba, don ba wanda ya tambaye ni.

Ina fita yara suna barci. Ina dawowa bayan magariba fari fat da siminti, in yi wanka, in ci tuwo, in jingina da bango ido na rufewa. Burodi nake kawo musu kusan kullum, irin mai zaƙin nan na can, su karɓa da hannu biyu su koma gefen uwarsu su ci suna kallona ta wutsiyar ido. Ƙaramar 'yata har ta yi wayo tana ɓuya in ta gan ni da rana. Suna, ɗaurin aure, jana'iza, duk da safe ko da hantsi ake yin su. Ni sai an naɗe tabarmi nake zuwa in yi sallama a ƙofar gida in ce ya haƙuri, mai gidan ya fito yana suɗe hannu ya amsa mini a tsaye. Juma'a ma a can nake yi. A lokacin ban ga asara a cikin wannan ba. Abin da nake gani shi ne ni na fara rufin kwano a unguwarmu, kuma matata ta daina daka, inji take kaiwa.

Da Alhaji ya ga hannuna yana da kyau sai ya ce in zauna masa har damina. Shekarar farko na ce zan haɗa biyu, gini da noma. Ruwan shuka ya sauka a garinmu wata safiya ina can kan bene muna zuba kankare, inda ko ɗigo ba a yi ba. Na dawo na tarar ƙasa ta jiƙe sharkaf, kowa ya wuni a gona da sungumi, mata da yara suna bi suna jefa iri. Washegari ba halin in zauna, don kankaren da aka fara ba ya jira, kuma akwai magina uku a bakin titi da ke jiran in yi fashi su ɗauki cokalin ginina. Kafin na samu sarari ƙasa ta bushe. Sai a ruwa na biyu na yi shuka, a makare, noma kuma na ba 'yan ƙwadago. Suka share bakin hanya inda ido ke gani suka bar cikin ga ciyawa. Abin da na girba a shekarar nan kunya ba ta barina in faɗa.

Ina da ƙane, ɗan ƙanen babana. Gida ɗaya muka tashi, ni na koya masa riƙe hauya. Yaransa da yawa, gonarsa kuwa 'yar mitsitsiya, domin a yankinmu yanzu ba sauran dajin da mutum zai sara, gona na manne da gona har ƙofar gari. Da bazara ta zagayo ya same ni bayan magariba ina cin tuwo a ƙofar gida. Ya durƙusa ya gaishe ni, na ce ya sa hannu, ya ce ya ƙoshi.

"Yaya, gonar nan ta yamma, in ba ka noman ta bana ka ara mani. Zunubi ne a bar ta ga ciyawa."

"Tahi ka noma," na ce masa. "Randa na gaji da hanya in amshi abina."

"Allah shi bar zumunci."

Shi ke nan maganar. Daga ni sai shi, sai tsohuwata da ke cikin gida tana jiyo mu ta kan zana. Irin wannan magana da rana ake yin ta, a kira mutum biyu ko uku su zauna su ji. Amma ni a lokacin ba ni da rana a garin nan.

A wurinmu aron gona ba a rubuta shi. Abin da ke riƙe da shi dami ne. In an yi girbi, mai aro zai ɗaure dami guda na hatsi, ya ɗauko a ka ko a amalanke, da rana tsaka, ya ratsa gari da shi ya sauke a ƙofar mai gona. Mai gona ya fito da kansa ya karɓa, maƙwabta na zaune suna gani. Ba kuɗin haya ba ne, dami guda ba ya riƙe gida. Don idon mutane ake yi, domin kowace shekara gari ya sake tuna cewa gonar wane ce a hannun wane. Ba wanda bai san wannan ba a garinmu, ni ma na sani.

Da kaka ta yi ƙanena ya zo, hannu wofi, don ya ji ranar da zai kawo. Ranar na sha wuya. Taya ta yi faci bayan kukar nan, na tura babur a rairayi har ƙafata ta yi nauyi. A ɗakina kuma ga buhun masara biyu da na sayo can da araha. Wuni guda a gida wuni guda ne ba aiki, ga idon Alhaji. Kuma ba zan ɓoye ba, akwai wani daɗi da na ji na in nuna na fi ƙarfin dami.

"Yaya, an gama ɗauri. Wace rana kake gida in kawo damin?"

"Haba, dami guda mi za shi yi mani? Bar ma yara su sha hura."

"A'a yaya, al'ada ce."

"Al'ada tsakanin ni da kai? Tashi ka ba ni wuri."

Muka yi dariya, ya yi godiya ya tafi. Yana fita tsohuwata ta kira ni. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta faɗin sunana, har ta bar duniya ban taɓa jin sa a bakinta ba.

"Kai wannan, zo nan. Damin nan ba don ci ake amsar shi ba. Ka zamna gida wuni guda ka amsa, ko awaki ka zuba ma."

"Inna, ƙanena ne hwa."

"Na san ƙanenka ne, gabana anka haife shi. Ba shi nike tsoro ba. Shekaru nike tsoro."

Na ce to, baɗi in Allah ya kai mu. Na faɗa ne don ta bar ni in kwanta.

Da baɗin ta zo ya sake tambaya, na sake cewa ya bari, don lokacin muna tsakiyar wani gini mai hawa biyu. A shekara ta uku bai tambaya ba, ni kuma ban ma lura ba sai da matata ta yi magana. Tana kwashe kwanuka ta ce, "Malam, bana ko tambayar damin bai zo ba." Na ɗaga kai na ce mata, "Hatsi ya ƙare miki ne?" Ta ɗauki kwanukanta ta wuce. Ba ta sake tayar da zancen ba, ni kuwa na ji daɗin hakan. Na yi wa mutane rashin kunya da yawa a rayuwata, amma ba wadda ta ci mini tsada kamar wannan.

A shekara ta biyar tsohuwata ta rasu. Wani maƙwabci ya biyo ni da babur har wurin aiki, na sauko daga tsani da siminti a hannu, muka iso ana shirin sallar gawa. Na yi zaman makoki kwana uku, a na huɗu na koma, don an kawo bulo kuma ba mai jera shi. Na ji an yi ta magana a gari, na ce masu magana ba su ke ciyar da gidana ba. Ban tsaya na tuna cewa ita kaɗai ce babba da ta ji maganar aron nan da kunnenta ba.

Gonar tana yamma da gari, hanyata kuwa kudu take yi, don haka labarinta kawai nake ji. Ana cewa ƙanena ya tsaya mata. Da rani yana jan taki da amalanke, yana roƙon masu shanu su kwana da garkensu a ciki. Mai aro ba ya dasa itace a gonar aro, wannan ma kowa ya sani, shi kuwa bai dasa ba. Abin da ya fito da kansa ne ya bari, kamar yadda kowa ya koma yi a yankinmu. In an zo sassabe ba a ƙara share gona ƙarƙaf, a bar tohon gawo da kalgo da sabara, a rage musu rassa a bar ɗaya ko biyu su miƙe. Sannu a hankali mutane suka koma kiran gonar da sunansa. Na taɓa ji da kunnena, wani na ba da kwatancen inda jakinsa ya ɓata ya ce wajen gonar wane. Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ga abin ya yi ƙanƙanta, ga gajiya, na bar shi.

Daga baya hanya ta fara lalacewa. Aka rufe iyaka, aka buɗe, aka sake rufewa. Muka koma bin ɓarauniyar hanya ta cikin gonaki, tafiyar da nake yi kafin rana ta yi zafi ta koma sai hantsi. Dajin ma ya daina aminci, sai mu jira juna a bakin gari mu tafi a jere, in an ji labari maras daɗi kowa ya juya. Kuɗin can suka rasa ƙarfi, abin da zan wuni ina ɗaga bulo a kansa in na kawo shi gida sai ya tsuke a hannu. Mai ya yi tsada, masarar arahar nan ta zama tarihi. Alhaji ya kwanta ciwo, 'ya'yansa kuwa ba gini a ransu. Bayana ma ya fara ba ni labari, in na sunkuya sai na dafa gwiwa nake miƙewa.

A shekara ta tara da aron, da bazara, na samu kaina zaune a gida da rana. Na je majalisa aka matsa mini kamar baƙo. Samari suna gaishe ni ina tambayar ɗan waye wannan. Rumbuna ya daɗe da faɗuwa, awaki ke kwana a gurbinsa. Yara biyar, babban ya kusa isa aure, rufin kwano kuma ba a cin sa. Na duba gabas na duba yamma, ba abin da ya rage mini sai gonar nan. Ban ji tsoro ba, don a raina ajiya na ba ɗan'uwana, zan je in karɓo.

Ya karɓe ni hannu biyu. Ya shimfiɗa mini tabarma a zaure, aka kawo fura mai sanyi, muka gaisa har da tambayar awaki.

"Na gaji da hanya," na ce. "Bana ni za ni noma gonar."

Ya daɗe yana juya ludayi a cikin ƙwarya.

"Wace gona, yaya?"

Na ɗauka wasa yake, har na fara dariya. Sai na ga bai ɗago ba.

"Gonar kakanmu ce," ya ce. "Babanka shi ne babba, ta zamna hannunshi, ba a taɓa raba ta ba. Ubana ya mutu bai ci rabonshi ba. Da ka bar mani ita, na ɗauka rabonmu ne ka maido."

"Aro ka ce! Da bakinka ka ce in ara maka, ina cin tuwo ƙohwar gidana!"

"In aro ne, yaya, ina damin?"

Na tashi har na shure ƙwaryar furar, ta malale a kan tabarma. Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa ɗan'uwa, matansa suna ji daga ciki. Bai rama ba, bai kuma kalle ni ba. Har yau ban sani ba ko ƙarya yake yi da gangan, ko kuwa shekara takwas yana jan taki yana gaya wa kansa wannan labari har ya zauna masa. Uban nasa an ba shi tasa gonar tun muna yara, ita ce 'yar mitsitsiyar nan, amma waɗanda suka raba duk sun mutu.

Na kai ƙara wurin mai gari. Aka sa rana, muka zauna da safe a ƙofar gidansa, ga liman, ga dattawa, ga waɗanda gonakinsu ke maƙwabtaka da tamu. Na faɗi tawa, ƙanena ya faɗi tasa. Mai gari mutum ne da ba ya gaggawa. Ya tambaye ni wa ya zauna ranar da aka yi aron, na ce tsohuwata, Allah ya jiƙanta. Aka ce amin. Sai ya juya ga jama'a.

"Shekara takwas anka yi girbi gonar nan. Cikinku wa ya taɓa ganin dami ya shiga gidan wannan bawan Allah?"

Can sai wani daga baya, wanda muka yi wasan ƙasa tare, ya ce, "Ranka shi daɗe, mu ko shi kanshi ba mu gani, balle dami." Wuri ya ɗauki dariya. Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi.

Na gaya musu ƙanena ya zo zai kawo har sau biyu, ni na hana shi, saboda zumunci. Wani dattijo ya girgiza kai ya ce tun da yake bai taɓa jin wanda ya ƙi damin aro ba, ko mai rumbu goma ne yana karɓa. Gaskiyata ce ta fi kama da ƙarya a wurin nan, don ba wanda ya yarda mai hankali zai yi abin da na yi. Matata ta sani, amma maganarta maganar mijinta ce, ba a ma aika a tambaye ta ba. Na ce a kawo Alƙur'ani kowa ya dafa. Liman ya ce ba zai ba 'yan gida ɗaya rantsuwa a kan ƙasa ba, don duk wanda ta ci, jini ɗaya ta ci, a nemi wata hanya tukuna.

A nan ne wani tsoho ya yi gyaran murya. Abokin babana ne, tare suka yi samartaka, kuma tun da aka fara zaman nake ganin ransa a ɓace saboda ni. Taimakona ya so ya yi, wannan ba na shakka.

"Ni dai na san uban yaron nan ya noma wurin nan tun muna da baƙin gashi, kuma yaron bayanshi ya tashi. Ku tashi mu tahi gonar. Shi zagaya da mu, shi gwada muna iyakar gonar ubanshi kusurwa huɗu, kowa shi gani da idonshi bai saki abinshi ba."

Mai gari ya yi shawara da liman, ya ce ya yarda. In na nuna, zai ɗauka hannuna bai bar gonar ba, sai a zauna a ga yadda za a yi tsakanina da ƙanena. Daɗi ya kama ni. A gonar nan na koyi tafiya, a nan kunama ta fara harbina. Na miƙe kafin kowa, har na manta da ciwon baya.

Muka fita ta yamma da hantsi, rana ta fara dukan ƙeya, ni ne a gaba. Da muka isa na ɗauka ba mu iso ba. Gonar da na sani fili ce fetal, in ka tsaya a bakin hanya kana hangen ƙarshenta. Yanzu itatuwa ne ko'ina, sun fi tsawon mutum, a tamu da ta maƙwabta duka, an yi musu aski iri ɗaya. Ƙasar ma ta canza launi. Sai a lokacin na lissafa a raina cewa tun shekarar da na yi shuka a makare ban sake taka wurin nan ba.

Kusurwar farko ba wuya, don tana bakin burtalin shanu. Na nuna, aka ce haka ne. Na kama gefen arewa ina bin kututturan gamba da babana ya dasa a kan iyaka, ina tafiya ina nunawa da sanda. Zuwa tsakiya gambar ta ƙare, ko fari ya kashe ta ko me, ban sani ba. Ban damu ba, don na san a kusurwa ta biyu akwai wata babbar aduwa da muke rataye goran ruwa a jikinta. Na ɗaga kai ina neman ta, ban gan ta ba. Daga baya na ji iska ce ta kayar da ita damina huɗu da suka wuce, unguwa duka aka raba itacen, har matata ta samu nata ta dafa mini tuwo da shi. Duk garin sun sani ban da ni.

Can gaba na hango wani itace da ya fi sauran girma, na ce a raina wannan ne, idona ne ya tsufa. Na nufe shi da ƙarfi don kada a ga shakka a tafiyata. Ina tafiya ina magana da babbar murya, nan babana yake ɗaure jaki, nan muke tara kara, nan muka taɓa kashe kasa. Na jima ina surutu kafin na lura ba ƙarar takalmi a bayana.

"Yaya."

Muryar ƙanena ce, a hankali, ba izgili a cikinta.

"Yaya, ka shiga gonar mutane."

Na juya. Duk sun tsaya can baya, a jere, a inda iyakar take, ba wanda ya ƙetaro. Mai gonar da nake tsaye a ciki yana cikinsu, ya sunkuyar da kai yana wasa da ƙasa da yatsan ƙafa. Abokin babana ya dube ni sau ɗaya, ya juya ya kama hanyar gari da sandarsa bai yi wa kowa sallama ba. Tazarar da ke tsakanina da su ba ta da yawa, amma na daɗe ban yi tafiyar da ta yi mini tsawo kamar komawar nan ba.

Sai bayan kwana biyu mai gari ya faɗi hukunci, cewa gona ta zauna a hannun mai noman ta, a yanka mini ɗan gefe saboda yara. Ni tun a can na riga na sani. Ranar, da na iso wurinsu a bakin iyaka, mai gari ya dubi ƙanena ya ce, "To, kai gwada muna."

Ya wuce gaba. Ko ƙasa ba ya dubawa. Ya tsaya a wani wuri da ba komai, ya share rairayi da ƙafa, sai ga kututturen aduwar ya fito. Ya karya kudu yana bi tsakanin itatuwa yana faɗin wannan namu ne, wancan na wane ne, maƙwabta suna amsawa da haka ne, haka ne. Na tsane shi a wannan lokaci, tsana ta gaske, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ko sau ɗaya bai kuskure ba. Na bi bayansu, ni ne na ƙarshe, ƙaya na shiga takalmina, ana zagayawa da ni ana nuna mini gonar babana.